Nakiyar da Na Kai Bakura da Kaina

Na san abin da ake gaya muku a kaina, na kuma san bakin da ya fara faɗinsa. An ce muku uwarku ce matar da ta ajiye kunya a gefe, ta hau kabu-kabu daga Talata Mafara har Bakura, ta kai garar 'yarta ta fari da kanta, wai don kwaɗayin tukuici. Har a bakin jikokina na ji zancen, suna yi suna dariya, don ba su san abin da yake ƙona mini rai ba ne. Tukuici! Ni Rabi, da na bar gida da rumbu da tumaki na fito da zanen jikina, a ce ɗan abin da ake miƙa wa masu kai gara ne zai ɗora ni a kan babur? Na daɗe ina haɗiye maganar nan. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, ba zan yarda in tafi in bar ku da labarin wasu ba. Gwaggonku Kulu tana nan da ranta, duk wanda ya ga na yi mata ƙage ya ɗauki wannan ya je ya karanta mata.

Ku ƙananan ba ku san garinmu Gidan Goga ba sai a bakin mutane, su kuwa mutane ba abin da suke tunawa da ita sai ɓarayin daji. Ni garin zuma na sani. Babanku manomi ne kamar kowa, amma abin da ya fi so a duniya shi ne amyoyinsa, waɗanda yake saƙawa da kansa ya turara su ya rataye a kan ɗorawa da marke a bayan gari. Idan ya ɗebo zuma ya shigo gida fuska a kumbure saboda harbi, yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta, ni kuma aikina ya samu. A gidanmu ba a rasa abin taɓawa bayan tuwo. In alkaki ne, sai in ɗumama zuma kaɗan in kwarara a kai lokacin da za a ci, ba in tsoma shi tun safe ya jiƙe ya saki jiki ba. In kantun riɗi ne, da zafinsa nake yanka shi ƙanana yadda zai shiga bakin yaro. Baƙo kuwa ba na tula masa a faranti kamar wanda ya zo daga yunwa, 'yan kaɗan nake jerawa a kan faifai mai tsabta da ruwan randa a gefe, in ya cinye a ƙaro. Amma abin da aka san ni da shi har Kaya da Maradun, nakiya ce. Ba a yin biki a dangi a ce ba a aiko a ɗauke ni ba.

Zumar ƙarshe da babanku ya ɗebo, lokacin daji ya riga ya ɓaci, har mutane sun fara barin gonakin nesa. Na hana shi fita, bai ji ba. Da ya dawo bai bari an taɓa ko ɗigo ba. Ya tace ta, ya cika wata jarka, ya ɗaure bakin da leda da roba, ya tura ta ƙarƙashin gado. Babbar yayarku tana tsakar gida tana tankaɗe, ya nuna ta da haɓa.

"Wagga ta nakiyar ɗiyar ga ta," in ji shi. "Ko ina nan ko ba ni nan, da ita za a yi."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya yi dariya ya fita.

Ranar da muka gudu, da hantsi ne, ana jin harbi daga gabas, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wasu mata sun ɗauki tukwane, wasu buhun gero. Ni na goya autanku, na ɗora jarkar zuma a ka, na rataya wata tsohuwar tasa da na gada wurin innata. A hanya har faɗa aka yi mini, wai ana ta rai ina ta zaƙi. Na ci gaba da tafiyata. Mun iso Mafara da ƙafafu a fashe, muka sauka gidan yayar babanku, Hajiya Kulu. Shi kuwa babanku, tun da ya bar amyoyinsa bai ƙara zama mutum ba. Ya riƙa zama a zaure yana kallon titi, damina ba ta zagayo ba ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Allah Ya jiƙansa.

Ba zan ci haƙƙin Hajiya Kulu ba. Ta ba mu ɗaki, ta ciyar da mu, ta sa ku makaranta. Amma ta yi mana alherin da kullum sai an tuna maka da shi. In baƙi suka zo, sai ta ce mu shiga ciki. In na yi magana a gaban ƙawayenta, sai ta gyara mini, wai bakina na daji ne, alhali ita ma a Gidan Goga aka yanke mata cibiya. Akwai lokacin da babu sukari a gidan, ta aiko a zuba mata zumar jarka a shayi. Na ce ta yi haƙuri, amanar mamaci ce. Ta yi dariya ta ce to, amma na ga yadda ta taɓe baki, kuma na san ta ajiye abin a ranta.

Da auren yayarku ya tashi, da wani malamin makaranta ɗan Bakura wanda yarinyar da kanta ta kawo, sai komai ya koma hannun Hajiya. Haka al'ada take, ban ƙi ba. Ita ce gwaggo, ni kuwa uwar 'yar fari ce. Ku na yanzu kuna ganin abin kamar wasa, amma mu haka muka tashi: 'yar fari ba ka faɗin sunanta, ba ka wasa da ita a gaban mutane, ba ka sa baki a aurenta. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "ke", ko in ce "ɗiyar ga". Ba ƙi ba ne, Allah Ya sani. Da aka fara hidima na koma ɗaka na ja labule, aka yi lefe, aka yi kamu, aka kai amarya, ban ce uffan ba. Abu ɗaya na roƙa, na ce a bar mini nakiyar gara in yi da hannuna. Hajiya ta ce in yi, ai ba komai.

Na samo shinkafar tuwo sabuwa, ta noman rani, na wanke ta na baza a inuwa ta tsane. Ban kai inji ba, don inji yana barin warin barkonon wasu a gari. A turmi muka daka ni da maƙwabciyarmu Tumba, muka tankaɗe, muka sake dakawa. Na soya garin a wuta marar ƙarfi ina juyawa har ya fara ƙamshi bai canza kala sosai ba, na zuba citta da kanumfari da masoro da 'yar kimba. Sannan na kwance bakin jarkar. Wallahi da ƙamshin ya bugo ni sai da na zauna a ƙasa, don ji na yi kamar mutumin nan ya shigo da kumburarriyar fuskarsa. Na dafa zumar ta yi kauri, na soya man shanu, muka haɗa a turmi muka yi ta kirɓi har kafaɗa ta mutu, har nakiya ta kama jikinta tana sheƙi. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ruwa ya taɓa ta, ko na jiƙaƙƙen hannu. In an kiyaye wannan, sai ta shekara tana nan lafiya. Na cura ta manya-manya, na jera a tasar innata, na shafe samanta da man shanu, na rufe da faifai na ɗaure da sabon ƙyalle. Na miƙa wa Hajiya da hannu biyu na koma ɗaka.

Ranar kai gara ina jin motoci a ƙofar gida, ina jin guɗa, ana fita da buhunan shinkafa da jarkokin mai da kayan da Hajiya ta sa aka yi mata: kek da donat da cincin, an jera su a robobi masu murfi an naɗe da leda mai ƙyalli. Ba na kushe kek, na ci, yana da daɗi. Sai dai abin kwana kaɗan ne, ka ci yau ka manta gobe. Motoci suka tashi, gida ya yi shiru. Ina zaune ina jan carbi sai ga Tumba ta ɗaga labule tana tauna, tana lashe yatsa.

"Rabi, hannunki dai sai Allah," ta ce. "Ashe ragowa kinka bar muna?"

"Wace ragowa?"

"Nakiya mana. Ga ta can bakin murhu, Hajiya tac ce a raba ma masu wanke-wanke."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fita tsakar gida ba ko mayafi, na tarar da tasar innata a ƙasa kusa da tukwanen da ake wankewa, an kwance ƙyallen an yar, mata sun kewaye ta da jiƙaƙƙun hannuwa. An riga an ci na sama. Na kutsa na ɗauke tasar na rungume, na tsince waɗanda ruwa ya taɓa na ba su, sauran na rufe. Hajiya tana zaune a kan kujera a baranda, ita ba ta bi masu kai gara ba saboda ciwon ƙafa. Na je na tsaya a gabanta.

"Hajiya, mi nir rage ki da shi? Don mi ba a tahi da wagga ba?"

"Rabi, ki sassauta murya, akwai mutane," in ji ta. "Gidan da munka kai ɗiyar nan gidan 'yan boko na. In ɗauki baƙar aba cikin tsohuwar tasa duk lamba in aza gaban mutane? So kike a ce ɗiyar 'yan gudun hijira anka kawo musu? Rufa mata asiri niy yi."

"Wagga zuma ƙanenki yaɗ ɗebo ta da hannunai. Shi yac ce da ita za a yi."

"Wanda yam mutu ya mutu. Mu da muke raye mu muka jin kunya."

Wannan kalma ita ta ƙarasa ni. Ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shiga daji ana harbi don 'yarsa ta samu abin da za ta tuna shi da shi, shi ne abin kunya? Gudun hijirar ma mu muka zaɓa? Da ta ce mini tun farko ba ta so, da na san yadda na yi. Amma ta karɓa da hannu biyu, ta bar ni na koma bayan labule, don ta san uwar 'yar fari ba za ta leƙo ta duba ba. Da kunyata ta cuce ni, abin da har gobe ban yafe ba ke nan. Na ce mata a samo wanda zai bi su da ita. Ta ce ba mai zuwa. Na dubi matan da ke tsakar gidan, kowa ta sunkuyar da kai, har Tumba, don duk a inuwar Hajiya suke ci. Na shiga ɗaka na yafa mayafi na fito da tasa a ka.

"Rabi, in kinka ƙetare zauren ga da tasar nan, kin kunyata mu gaban surukai," ta ce. "Kada ki komo min gida."

Na ji ta sarai. Na san ba ni da wani ɗakin a duniya, na san kuna makaranta za ku dawo ku tarar da abin da na jawo muku. Na tsaya a zaure na yi tunanin duka wannan, sannan na sa ƙafa na fita.

Wani dattijo mai kabu-kabu ne ya ɗauke ni a bakin tasha. Na rungume tasa a cinya har Bakura, ga rana, ga hanya ba daɗi, ga tsoron daji a rai. Ban san gidan ba, sai da muka yi tambaya. Na shiga da sallama na tarar da tsakar gida cike da mata, an baje kaya kashi biyu. Ashe wa da ƙane aka aurar tare, kuma amaren duka daga Mafara aka kawo su, garar biyu ta haɗu rana ɗaya. Matan da Hajiya ta aiko suna ganina suka daskare, wata har ta dafe ƙirji. A tsakiya kan tabarma ga wata tsohuwa tukuf, kakar angwayen, ita ke duba kaya kafin a raba wa dangi. Na durƙusa na sauke tasa a gabanta.

"Ina wuni, Iya?"

"Lahiya lau. Ƙaƙa gajiya, ƙaƙa hanya?"

"Lahiya lau. Ina gajiyar biki?"

"Alhamdu lillahi. Ƙaƙa mutanen gida, ƙaƙa ƙarin haƙuri da zamani?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba sauran inda zan ɓuya. Na ce saƙo ne aka manta, na nakiyar amarya. Ta ɗaga faifai ta sunsuna, sannan ta ɗago.

"Wace amaryar? Biyu gare mu."

Na ce ta Mafara. Ta ce duka na Mafara ne. Na juya wajen matan gidanmu ko wata za ta fitar da ni, ba wadda ta buɗe baki, kowa tana tsoron a kai wa Hajiya labarin ita ta taimake ni. Sunan angon kuwa, surukina, ya fi ƙarfin bakina. Sai na sunkuyar da kai na faɗi sunan 'yata, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Tsohuwar nan kunnenta ya yi nauyi. Ta karkato ta ce in ɗaga murya. Na sake faɗa da ƙarfi, har ya kai ƙarshen tsakar gida, har ɗakin da aka saki sabon labule.

"Ke wace ce tata?"

"Ni na haife ta," na ce. "Zumar ta ubanta ta, shi yab bar mata. Ya rasu."

Ƙus-ƙus ya tashi ta ko'ina. Daga bayan labulen nan na ji kuka, na kuma san muryar. Na ce a raina shi ke nan, na kunyata yarinya a gidan mijinta tun ba ta san inda randa take ba. Tsohuwar ta mayar da faifai ta rufe tasa, ta ce a kawo mini ruwa. Ban sha ba. Ban karɓi ko goro ba, ballantana tukuici, duk wadda ta ce ta ga an miƙo mini wani abu na sa hannu, ta zo ta faɗa a gabana. Na yi sallama na fito, mai kabu-kabu ya mayar da ni Mafara.

Sauran kun san shi, don da ku aka sha. Na tarar da kayanmu a zaure. Muka kwana biyu a wurin Tumba, wadda kunya ta hana ta kallon idona, sannan muka kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, mai yoyo, inda kuke kwana kamar an jera itace. Na koma yin alkaki da dubulan ina bayarwa ana kai wa masu biki, da shi kuka yi karatu. Dangin babanku suka ɗauke mini ƙafa. In na shiga taro sai a fara taɓa juna, ga mai kai gara ta zo. Duk wannan bai dame ni kamar shirun yayarku ba. Watanni suka wuce ba saƙo, ni kuma ba ni da fuskar da zan aika. Na sa a raina ta bi bayan gwaggonta.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka fara shirin ta zo wankan gida. Hajiya ta sa aka share mata babban ɗaki, aka sayo itace. Ina tsugune ina suyar alkaki da la'asar sai na ji mota ta tsaya a bakin lungunmu. Na ɗaga kai na ga yayarku tana shigowa da ƙyar, ciki a gaba, ta rungumo tasar innata. Ta ce a nan za ta yi wanka, a ɗakin nan mai yoyo, mijinta ya yarda. Ta zauna a bakin katifa ta kwance ƙyallen. Nakiya tana nan, ta ƙara duhu, ƙamshinta ya cika ɗakin. Ashe tsohuwar nan ba ta bari an sa ta a rabo ba, ta ce wannan ba ta dangi ba ce, ta kai mata har ɗaka. Ita kuma ta tura ƙarƙashin gado, ba ta bari ko ɗigon ruwa ya kusance ta ba, ta ce ba za ta ci ba sai tare da ni.

Na ce mata, ba tare da na dube ta ba, ta yafe mini kukan da na sa ta a gaban surukanta.

"Inna, ba kunya tas sa ni kuka ba," ta ce. "Kuma ba hushi ya hana ni aike ba, nauyinki nika ji, saboda ni anka kore ku. Tun da nike ban taɓa jin sunana bakinki ba sai rannan. Ban san haka kika hwaɗinai ba." Sannan ta ce, "Ki ƙara hwaɗi mana."

Na ce ta rufe mini baki ta ci nakiya. Na gutsuro na miƙa mata, na gutsura na sa a bakina, muka zauna muna tauna, alkakina yana ƙonewa a kasko ba wadda ta tashi. Ban ƙara faɗin sunan ba har yau, kuma kun ga a nan ma ban rubuta shi ba. Amma in aka sake ce muku uwarku ta je Bakura neman tukuici, ku ce ƙwarai ta samu, sai dai ba a can aka ba ta ba, har ɗaki aka biyo ta da shi.